Jirgin maganaɗisu na Shanghai: tafiyar minti 8 a kan tazarar milimita 10

Sana'ata ita ce shigo da kayan ƙarƙashin manyan motoci, wato sifirin da shokozoba da dangoginsu, kuma wanda ya daɗe a wannan harka ba ya iya zama cikin abin hawa ba tare da kunnensa da gadon bayansa sun koma ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin kujera ba. Shi ya sa a tafiyata ta baya-bayan nan zuwa masana'antun lardin Zhejiang na ƙasar Sin, da muka sauka a filin jirgin sama na Pudong da ke birnin Shanghai, na bar abokan tafiyata suka nufi wurin motocin haya, ni kuma na bi allunan da aka rubuta Maglev a jikinsu, wato jirgin maganaɗisu. A wannan yini guda na hau jiragen ƙasa biyu masu gudun kusan kilomita 300 a awa. Na farkon ba shi da ƙafa ko ɗaya, na biyun kuwa yana tafiya ne a kan ƙafafun ƙarfe irin waɗanda kakanninmu suka gani lokacin da jirgi ya fara shiga Kano. Abin da zan rubuta a nan hukuncina ne a kan na farkon, amma da na biyun zan auna shi, domin sai da na sauka daga na biyun sannan na fahimci abin da na hau da safe.

Layin gajere ne, kilomita 30 ne kacal daga filin jirgin zuwa tashar Longyang Road da ke gabashin birnin, kuma babu wata tasha a tsakani. Kuɗin tikiti yuan 50 ne a zuwa ɗaya, ana rage shi zuwa 40 ga wanda ya nuna shaidar cewa jirgin sama ya sauke shi ko zai ɗauke shi a ranar, zuwa da dawowa kuma yuan 80. Jirgi yana tashi kusan kowane minti 15 zuwa 20, ana kuma wuce da jaka ta na'urar bincike kafin a shiga. Taragon yana da faɗi sosai, kujeru 3 a dama 3 a hagu, da wurin ajiye manyan akwatuna kusa da ƙofa. A nan ba ni da abin cewa sai yabo, domin komai a tsabtace yake, kuma jirgin da aka ce zai tashi a minti kaza a wannan minti ya tashi.

Wanda ya tsaya a dandamalin tasha ya dubi ƙasan jirgin zai ga abin da ya bambanta shi da kowane jirgi. Hanyarsa wata doguwar gada ce ta kankare da ƙarfe mai fiffike biyu, ɗaya a kowane gefe, jirgin kuma ya rungumo waɗannan fukafukai da wasu hannuwa da suka lanƙwaso ta ƙarƙashinsu, kamar yadda mutum yake kama gefen tebur da yatsunsa. A kan waɗannan hannuwa aka jera maganaɗisun lantarki suna kallon sama, suna jan ƙarfen da aka liƙa a ƙarƙashin fiffiken gadar. Mutane da yawa suna zaton cewa tunkuɗa jirgin ake yi sama, alhali kuwa janyo shi ake yi. Maganaɗisun yana ƙoƙarin manne wa ƙarfen da ke samansa, a cikin wannan ƙoƙari sai ya ɗaga dukan taragon, har cikinsa ya yi nisan kusan santimita 15 daga doron gadar, yayin da tazarar da ta rage tsakanin maganaɗisu da ƙarfe ba ta wuce kimanin milimita 10 ba, wato kaurin ɗan yatsan ƙaramin yaro.

Wahalar aikin duka tana cikin wannan milimita 10. Duk wanda ya taɓa wasa da maganaɗisun tsohuwar lasifika da ƙusa ya san cewa ba a iya tsayar da ƙusar a iska: idan ta matso kaɗan sai ta ɗafe, idan ta yi nisa kaɗan sai ta faɗi, domin ƙarfin jan yana ƙaruwa ne daidai lokacin da ake so ya ragu. Wani masanin lissafi na Ingila mai suna Samuel Earnshaw ya tabbatar tun a shekarar 1842 cewa irin wannan tsayuwa ba ta yiwuwa da ƙarfin ja da ba ya canzawa. Mafitar da injiniyan Jamus Hermann Kemper ya yi wa rajista a 1934 ita ce a riƙa canza ƙarfin wutar da ke shiga maganaɗisun a kowane lokaci, a rage ta idan tazarar ta tsuke, a ƙara ta idan ta buɗe. A zamaninsa babu na'urar da take da saurin yin haka yadda ya kamata. A jirgin Shanghai kuwa, kowane maganaɗisu yana da na'urorin auna tazara da na sarrafa wuta, waɗanda masu ƙera jirgin suka ce suna duba tazarar har sau 100,000 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ma'anar wannan ita ce, jirgin kullum yana kan faɗuwa ko mannewa, kullum kuma ana tare shi kafin ya yi ɗayan biyun.

Haka nan ake riƙe shi a tsakiyar hanya. Akwai wani jerin maganaɗisu na dabam a gefen ciki na hannuwan, suna fuskantar faifan ƙarfen da ke bakin gadar ta dama da ta hagu. Dukansu ja suke yi, saboda haka idan iska ko kwana ta ture jirgin zuwa dama, sai a ƙara wuta a ɓangaren da tazararsa ta buɗe har jirgin ya dawo tsakiya. Ba sitiyari, ba ƙafa mai leɓe, ba abin da ke goga wani abu. Injin da ke tura jirgin ma ba a jikinsa yake ba. An ɗauki abin da ke cikin injin lantarki mai juyawa, an warware shi an shimfiɗa shi a tsawon hanyar, ta yadda wayoyin da ke ƙarƙashin gadar suke haifar da igiyar maganaɗisu mai tafiya, jirgin kuma ya bi ta. Daga cibiyar sarrafawa ake ƙara gudu ko a rage shi, kuma ɓangaren hanyar da jirgin yake kai ne kawai ake ba wa wuta. Wutar da maganaɗisun jirgin suke sha tana fitowa daga baturan da ke cikinsa, waɗanda suke samun caji daga wannan igiyar yayin gudu.

Na zauna kusa da taga, na ajiye gorar ruwa da na sha rabinta a kan gwiwata, domin da fuskar ruwa nake auna kowace mota da na gyara wa ƙafa. Tashin jirgin babu fizga ko kaɗan. Babu canjin giya, babu ƙugin inji, sai wani siririn amo da ke ƙaruwa a hankali, da lambobin allon da ke saman ƙofa suna hawa: 80, 150, 220, har suka tsaya a 300 da 301 bayan minti 2 da 'yan daƙiƙoƙi. Motocin da ke babban titin da ke gefenmu sun zama kamar an ajiye su. A babbar kwanar da ke hanyar, gadar tana karkata sosai, har na ga rufin gidaje ta tagar gefe ɗaya, sararin sama kuma ta ɗaya gefen, amma ruwan gorar bai gangara gefe ba, ya tsaya kusan daidai da gindinta. Wannan shi ne shaidar cewa an daidaita karkatar hanyar da gudun jirgin, kuma tsarin yana yarda a karkatar da hanya har zuwa digiri 12, abin da layin dogo na yau da kullum ba ya kusanta. A tsakiyar tafiya muka yi kiciɓis da jirgin da ke zuwa daga birni. Ban gan shi ba, sai dai na ji wani bugu guda a jikin tagar kamar an rufe ƙofar mota da ƙarfi, wata mata da ke gabana ta zabura, kafin ta juyo ya riga ya wuce.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne fuskar ruwan ba ta kwanta lumui ba. Akwai wata 'yar ƙaramar karkarwa mai sauri da ke zuwa ta ƙasan kujera, da ɗan kaɗawa zuwa gefe lokaci zuwa lokaci, ba mai tayar da hankali ba, amma tana nan, kuma ba na ɗaukar ta a matsayin aibu, domin daga asalin tsarin take. Mai jin an ce jirgi yana shawagi sai ya zaci zai ji kamar yana kan gajimare. Gaskiyar ita ce, abin da aka tilasta wa ya riƙe tazarar milimita 10 dole ne ya bi hanyarsa sau da ƙafa. Idan bangon gadar ya ɗan lotsa a tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, ko zafin rana ya ɗan lanƙwasa shi, maganaɗisun ba shi da sararin da zai yi biris da wannan, sai ya bi. A yaren sana'armu, sifirin ne mai tauri ƙwarai. Saboda haka aka sa mataki na biyu a tsakanin firam ɗin da ke ɗauke da maganaɗisu da jikin taragon, wato jakunkunan iska na roba, irin waɗanda ke ƙarƙashin manyan motocin safa na zamani. Su ne suke shanye yawancin abin da maganaɗisun ya kwaso daga hanya. Na yi murmushi da na gane haka, domin jirgin da ake kuranta shi da cewa ya rabu da ƙasa, jin daɗin fasinjansa ya rataya ne a kan jakar iska, kayan da nake da irinsa a shagona.

Daga nan ne kuma tsadar layin ta samo asali. Ƙasar Shanghai laka ce da kogin Yangtze ya tara, tana lotsawa a hankali, ga shi kuma jirgin ba ya yafe kuskuren da ya wuce 'yan milimita. Dole ta sa aka kafa ginshiƙan a tazarar kimanin mita 25, aka kuma dasa turakun da suke ɗauke da su zuwa zurfin da ya kai mita 70 a wasu wurare. Canza layi ma aiki ne babba, domin babu ɗan harshen ƙarfe da za a ture kamar a layin dogo, sai dai a lanƙwasa doguwar gadar ƙarfe sukutum daga wannan hanya zuwa waccan. An fara ginin a watan Maris na 2001 da fasahar Transrapid ta kamfanonin Siemens da ThyssenKrupp, firaministan Sin Zhu Rongji da shugaban gwamnatin Jamus Gerhard Schröder suka yi tafiyar farko a ranar 31 ga Disamba 2002, aka kuma buɗe wa jama'a sosai a 2004. Kuɗin da aka kashe ya haura dala biliyan 1 a kan kilomita 30. Jamus ɗin da ta ƙirƙiro fasahar ba ta taɓa gina layin fasinja da ita ba, domin shirin da aka yi na haɗa birnin Munich da filin jirginsa an soke shi a 2008 saboda tsada.

Ya kamata mai niyyar hawa ya san wani abu kafin ya sayi tikiti. Shekara da shekaru jirgin yana kai kilomita 431 a awa a wasu lokutan yini, yana cinye hanyar cikin minti 7 da daƙiƙa 20, a gwajin da aka yi a Nuwamba 2003 ma ya kai 501. Tun daga 2021 an tsayar da gudunsa a 300, tafiyar ta koma minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi. Bambancin lokacin bai kai minti 1 ba, domin layin ya yi gajarta da yawa, jirgin yana kai ƙololuwar gudunsa ke nan sai ya fara rage shi. Amma wanda ya je don ya ɗauki hoton lamba 431 a allo ya makara.

Da la'asar na hau jirgi mai ƙafafun ƙarfe daga tashar Hongqiao da ke yammacin Shanghai zuwa birnin Yiwu na lardin Zhejiang, na sake ɗora gorar a gwiwata. Allon ya nuna gudun da ya yi daidai da na safe, ruwan kuma, a iya ganina, ya fi kwanciya. Wannan ya sa na yi ta tunani har muka wuce Hangzhou, domin ƙafar ƙarfe tana da nata ciwon da ya fi shekara 100 yana wahalar da injiniyoyi. Ƙafafun jirgin ƙasa biyu-biyu ne, ta dama da ta hagu, a haɗe suke da sandar ƙarfe guda, suna juyawa tare, kuma fuskar kowace ƙafa a ɗan zube take, ta fi kauri ta ciki. Idan jirgi ya gusa zuwa dama, ƙafar dama sai ta hau kan ɓangarenta mai kauri, ta ci ƙasa fiye da ta hagu a juyi ɗaya, sai jirgin ya karkato da kansa zuwa tsakiya. Leɓen da ke gefen ƙafar, wanda mutane suke zaton shi ke riƙe jirgi a kan dogo, mai gadi ne kawai na ranar tsautsayi. Wanda ya hau jirgin Abuja zuwa Kaduna a kan wannan dabara ya yi tafiya, ko bai sani ba. Matsalar ita ce ƙafar ba ta tsayawa a tsakiya idan ta dawo, sai ta zarce zuwa hagu, ta sake dawowa, tana tafiyar maciji. Wani Bajamushe mai suna Klingel ya fitar da lissafin wannan kaɗawa a 1883. A ƙaramin gudu tana mutuwa da kanta, amma akwai gudun da idan aka haura shi sai ta riƙa ƙaruwa har leɓen ƙafa ya fara dukan dogo. Lokacin da Faransa ta kai kilomita 331 a awa a gwajin Maris 1955, layin da aka yi gwajin a kansa sai da ya lanƙwashe.

Maganin da aka samo, wanda injiniyan Japan Tadashi Matsudaira yake cikin waɗanda suka share masa hanya kafin a buɗe layin jirage masu saurin gudu na Japan, wato Shinkansen, a 1964, ya ƙunshi rage zubin fuskar ƙafar, da ɗaure sandar ƙafafun a jikin keken da ke ƙarƙashin tarago da sifirin mai taurin da aka lissafa, da ɗora taragon a kan jakunkunan iska. Jiragen yau sun ƙara da wasu dogayen shokozoba da ake kwantarwa a gefen keken, aikinsu kawai su hana shi waige-waige. Sai kuma dogon kansa, wanda ake haɗa shi da walda ya zama ɗaya babu gaɓa, a wasu layukan kuma a shimfiɗa shi a kan kankare maimakon tsakuwa. Da irin waɗannan dabaru ne jirgin TGV na Faransa ya kai kilomita 574.8 a awa a gwajin Afrilu 2007, da su ne kuma jiragen Fuxing na ƙasar Sin suke gudun 350 tsakanin Beijing da Shanghai tun daga Satumba 2017, a kan layi mai tsawon kilomita 1,318. Wato a yau jirgi mai ƙafa da ke tashi daga Shanghai yana gudu fiye da jirgin maganaɗisun da ke cikinsa, kuma yana iya shiga tsofaffin tashoshi ya bi tsofaffin layuka, abin da wancan ba zai taɓa iyawa ba.

Duk da haka ba zan rage wa maganaɗisun darajarsa ta fuskar aminci ba. Abin da ya rungumi hanyarsa ta gefe biyu da wuya ya kauce mata, kuma babu ƙafar da za ta cinye ko ta tsage. Wanda ya san abin da ya faru a Eschede ta Jamus a ranar 3 ga Yuni 1998 zai gane nauyin wannan magana: an sa roba a cikin ƙafafun jirgin Jamus mai saurin gudu da ake kira ICE don a rage jijjigar da fasinjoji suke kuka da ita, zoben ƙarfen ƙafa ɗaya ya karye a cikin gudu, mutum 101 suka rasu. Idan wuta ta ɗauke wa jirgin Shanghai, baturansa suna ci gaba da riƙe shi a sama, burkin maganaɗisu ya rage masa gudu, sannan ya sauka a kan wasu takalma na musamman da ke ƙarƙashinsa. A tarihinsa an yi gobara a wani tarago a watan Agusta 2006, wadda aka danganta da batir, ba a kuma rasa rai ba. Mummunan haɗarin da fasahar ta gani ya faru ne a filin gwaji na Lathen a Jamus a ranar 22 ga Satumba 2006, inda jirgin ya afka wa motar gyaran hanya da aka bari a kan layi, mutum 23 suka rasu, kuma bincike ya ɗora laifin a kan kuskuren ma'aikata, ba a kan maganaɗisu ba.

A matsayin hanyar sufuri kuwa, amfanin jirgin ya danganta da inda mutum ya dosa. Longyang Road ba tsakiyar birni ba ce. Wanda ya sauka a can sai ya ja akwatinsa ya gangara zuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda layuka na 2 da 7 da 16 da 18 suka haɗu, kuma shi layi na 2 ɗin tun 2010 yake zuwa har filin jirgin Pudong a kan kuɗi kaɗan, sai dai yana tsayawa a tashoshi da yawa. Ga ɗan kasuwar da zai wuce Yiwu ko Hangzhou kai tsaye da manyan jakunkuna, sabon layin da aka buɗe a ƙarshen Disamba 2024, mai haɗa Pudong da Hongqiao cikin kimanin minti 40, ya fi dacewa da shi nesa ba kusa ba. Wanda masaukinsa yake a gabashin kogin Huangpu da ya ratsa birnin, ko wanda lokaci ya ƙure masa, shi ne zai ci ribar minti 8 ɗin.

Ga makaniki ko injiniya ko ɗalibin kimiyya, shawarata ita ce ya biya yuan 50 ɗin ko da sau ɗaya ne, ya zauna kusa da taga, ya riƙe gorar ruwa. Idan ya sauka a Longyang Road kada ya yi gaggawar bin taron jama'a. Ya taka zuwa goshin jirgin ya ga tabon ƙwarin da gudu ya liƙe a kansa, sannan ya sunkuya ya dubi inda hannuwan taragon suka lanƙwasa suka shige ƙarƙashin gadar. A hawan ƙasa na tashar akwai ɗan gidan nune-nune da ke bayanin fasahar, kuma a can na ƙarasa rabin awar da ta rage mini kafin na kama hanyar Hongqiao.